Shekarar da Mudi Ya Ƙwace Mini Baƙo

Ranar sha huɗu ga watan Zulhajji ce, a shekarar da nake aji biyar na firamare, washegarin dawowar alhazai daga Mina. La'asar ta yi sanyi, layinmu na unguwar Jarwal a Makka ya cika da haramai da aka wanke aka shanya a tagogi, ga kwalayen ruwa da na lemo a zube ko'ina. Ni da yaran layi muna buga sabuwar ƙwallon da Baba ya saya mini da Sallah. Na ɗauke ta da ƙarfi don in burge su, sai ta tashi ta maƙale a tsakanin akwatin na'urar sanyaya ɗaki da bango, can a hawa na uku na wani gida da masu shi suka kulle suka tafi Harami. Muka yi ta jifa da silifa har muka gaji, silifa ɗaya ma ta bi ta ta zauna. Mudi, ɗan ƙanin babana, yana zaune a dokin ƙofarmu yana kallo, don ba ma saka shi a wasa. Ya miƙe, ya tsinci wani ruɓaɓɓen lemo a cikin kwali, ya auna shi a tafin hannunsa na hagu, ya ja da baya kaɗan, ya sake shi. Lemon ya fashe a jikin ƙwallon, ta faɗo tana tsalle, silifar ta biyo ta. Kafin mu rufe baki sai muka ji tafi daga sama. Baƙonmu ne da muke kira Ammi Dawud, wato Baffa Dawud da Larabci, ya leƙo ta taga, jar fuskarsa cike da dariya. Can sai ga shi ya sauko ba ko takalmi, ya wuce ni kamar bai taɓa ganina ba, ya kama hannun Mudi yana jujjuya shi.

Sai na yi bayanin yadda gidanmu yake kafin a gane abin da ya soke ni a ranar. Kakanmu ne ya zo Makka a ƙafa daga ƙasar Kano, ya zauna, ya gina gidan da kaɗan-kaɗan har ya kai hawa uku. Duk shekara in aikin Hajji ya matso, sai mu kwashe kayanmu mu koma saman rufi, a kafa rumfa, a bar wa alhazai ɗakunan. Kakarmu Hajiya Babba takan ce, "Wannan watan gidan ba namu ba ne, mu masu gadi ne." A saman nan Umma take girki, a nan muke kwana kusa da akurkin tattabarun yayana, hasumiyoyin Harami suna haskaka mu. Aikina shi ne sayo tamis, wato burodin nan mai faɗi na tanda, da wake tun da safe, da jido ruwan zamzam a jarkoki, da raka tsofaffin alhazai masallaci don kada su ɓata. Na san kowane lungu, na san mai shagon da ke ha'inci da wanda ke ƙara maka dabino a kan awo. Larabci ne a bakina dare da rana, Hausa kuwa sai in Hajiya Babba ta tsare ni da ido. A layinmu ni ne mai raba 'yan wasa, ni ne mai cewa an ci ko ba a ci ba.

Ammi Dawud kuwa Bature ne ɗan ƙasar Sikotland, dogo, mai jan gemu da ya fara furfura. Ya musulunta tun kafin a haife ni. Shekara da shekaru yana kawo alhazai daga ƙasarsu, yana kama musu hawa na biyu na gidanmu. In sun gama sun tafi, shi sai ya tsaya wasu makonni yana sayen darduman sallah da carbi da turare da jallabiyoyi, ya tura shagonsa. Larabcinsa irin na littafi ne, mai nauyi, yana fitar da kowane harafi kamar mai karatun allo, masu shago su yi ta murmushi. Tun ina ƙarami ni ne nasa. Ni nake kai masa shayi, ni yake kawo wa alewa mai ɗanɗanon man shanu a cikin gwangwani, ni yake kira "shaihun Jarwal." Yaran layi suna jin haushina a kan haka, ni kuwa ina jin daɗin haushin nasu.

Mudi bai fi wata biyar da zuwa ba a lokacin. Baffa Isa, ƙanin Baba da ya tashi a hannun dangi can gida, shi ne ya samu gurbin ƙaro karatun addini, ya taho da matarsa da ɗansa daga wani ƙauye a ƙasar Rano, Baba ya ba su ɗakin ƙasa. Mudi sa'ana ne, amma siriri, mai shiru, ga kaushi a ƙafa. Larabcinsa bai wuce na sallah ba. Yana tsoron tsallaka titi, yana mamakin ruwa mai fitowa da zafi daga famfo. Baba ya ce in riƙe shi, na kuwa riƙe shi yadda nake so: ina gaba yana biye, ina fassara masa abin da na ga dama, in ya yi ƙauyanci in riga kowa dariya. Ban ƙi shi ba. Ina ma jin daɗin samun wanda zan nuna wa gari. Ban dai taɓa zaton akwai wani abu a jikinsa da babu a nawa ba.

A ranar nan, da Ammi Dawud ya gama duba hannun, sai ya juyo ya neme ni, amma don in yi tafinta. Ya ce in tambaye shi a ina ya koyi jifa haka. Mudi ya sunkuyar da kai ya ce shi bai koya ba, korar tsuntsaye yake yi a gonar shinkafar kakansa na wajen uwa tun daga asuba har rana ta faɗi, in kuma lokacin goruba ne sai su yi gasar kaɗo ta. Na mayar da Larabci. Ammi Dawud ya ce in gaya masa ya yi shekaru yana ganin masu jifa, bai cika ganin kafaɗa mai sauƙi irin wannan ba. Na gaya masa. Ya ce in ƙara da cewa baiwa ce daga Allah. Wannan ma na faɗa, da bakina, kalma bayan kalma.

A nan muka fara jin labarin wani wasa da ake kira kurket. Ashe kafin ya zama ɗan kasuwa, Ammi Dawud ɗan wasa ne. Ya ce a wani ƙaramin gari na bakin teku ya tashi, inda ruwan sama yake katse wasa fiye da yadda ake gama shi. Ya buga wa garinsu, daga baya aka ɗauke shi ya buga wa ƙasarsu na 'yan shekaru, shi ne mai jifa. Sai kafaɗarsa ta dama ta lalace, aka yi aiki, ba ta koma daidai ba. Wani abokin wasansa ɗan asalin Pakistan ya kai shi shagon mahaifinsa na darduma, a can ya koyi ciniki, a can kuma ya ga suna sallah har zuciyarsa ta karkata. Ya ɗaga rigarsa ya nuna mana tabon ɗinkin, fari fat kamar tsutsa a kwance. Ni da na yi shekaru ina kai masa shayi ban taɓa jin ko ɗaya daga cikin wannan ba. Sai da Mudi ya jefa ruɓaɓɓen lemo.

Washegari ya sayo ƙwallon tanis a shago, ya naɗe ta da jan salatif ɗin masu gyaran wuta har ta yi nauyi da santsi. Ya sa kafinta ya fere masa katako mai faɗi da mariƙi. Aka jingina akwatin kwalaben lemo a tsakiyar layi. Dokar ba wuya a faɗe: mai jifa ya sheƙo da gudu, ya juyo hannunsa ta sama a miƙe ba tare da ya lanƙwasa gwiwar hannu ba, ƙwallo ta daki ƙasa ta tashi, mai katako ya kare akwatin, in ta wuce shi ta bugi akwatin ya fita. Yaran layi duk suka watsar da ƙwallon ƙafa, har da tawa sabuwa, ta koma ƙarƙashin matakala. Mudi ya yi kwana biyu hannunsa yana lanƙwashewa, a rana ta uku ya kama. Daga nan babu wanda ya ƙara tsayawa gabansa. Ƙwallonsa takan taho kamar za ta wuce gefe, sai ta daki ƙasa ta karyo ciki, ka ji ƙarar kwalabe a bayanka. Ni ya fi fitarwa, ba don mugunta ba, don ni na fi kowa nacin karɓar katakon. In ya fitar da ni sai ya ce, "Yi haƙuri, Fahad," wannan haƙurin kuwa ya fi ƙarar kwalaben ciwo.

Da farko ina rarrashin kaina da cewa ba za su iya ba sai da ni, tunda ɗaya ba ya jin Hausa, ɗayan ba ya jin Larabci. Ba a yi mako ba suka daina nemana. Ammi Dawud ya kama yatsun Mudi ya ɗora su a kan ƙwallo, ya buga ƙafa a inda yake so ta sauka, Mudi ya gyaɗa kai. Ammi Dawud ya koyi cewa "madalla" da "sake," Mudi ya koyi cewa "ɗayyib," wato "to, ya yi." Nakan tsaya a gefe da butar shayi a hannu ina jira a ce in fassara wani abu, ba a cewa. Ranar da aka buɗe gwangwanin alewa, aka ba Mudi ya raba. Ya ba ni kaso mafi yawa, na ce haƙorina yana ciwo.

Sai na shiga koyo a ɓoye. Da sassafe, in na dawo daga sayen tamis, nakan hau can ƙarshen rufi da wata tsohuwar ƙwallo, in zana layi da gawayi a bango, in yi ta jifa. Tattabaru su tashi, yayana ya yi ta faɗa. Rannan ƙwallon ta kauce ta faɗa cikin tukunyar miyar Umma, na sha rankwashi. Hajiya Babba tana kan dardumarta tana jan carbi tana kallona, ta ce, "Yaron nan, hannunka kake so ka cire ko bangon kake so ka rushe?" Kafaɗata ta kumbura, ban gaya wa kowa ba.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar Ammi Dawud ya nemi izinin Baba da Baffa, ya ɗauke mu a tasi zuwa wani fili a bayan dutse inda ake ajiye motocin alhazai. Motocin sun ragu, ma'aikata 'yan Pakistan da Bangladash sun share tsakiya suna wasa, manya da gemunsu, wasu da kayan aiki a jikinsu. Suna da sanduna uku na gaske a kafe a maimakon akwati. Da suka ji ko wane ne shi, suka kewaye shi suna gaisawa, suka roƙe shi ya yi jifa ko sau ɗaya. Ya dafa kafaɗarsa ya girgiza kai, ya tura Mudi gaba. Aka yi dariya. Mai riƙe da katako a lokacin wani ƙaton mai gasa tamis ne da muka sani, wanda tun fara wasan ba a fitar da shi ba. Mudi ya cire silifansa ya miƙo mini, na karɓa. Jifan farko mutumin ya ɗauke ta har bayan motoci, aka yi ihu, ni ma wani sanyi ya ratsa ni, har na ji ina son Mudi a wannan lokacin. Aka dawo da ƙwallo. Mudi ya goge ta a wandonsa, ya kalli Ammi Dawud, shi kuma ya nuna masa wani wuri a ƙasa da haɓa. Mudi ya sheƙo. Ƙwallon ta sauka, ta karyo, mutumin ya kai duka ya sami iska, sandar tsakiya ta tuntsure. Filin ya kaure. Mai tamis ɗin da kansa ya jefar da katako ya ɗaga Mudi sama ya ɗora a wuya. Ni ina tsaye a bakin fili da silifa a hannu ɗaya, jarkar ruwa a ɗayan, wani ya dafa ni yana tambaya da gurɓataccen Larabci ko ƙanina ne. Na ce ɗan baffana ne, daga ƙauye ya zo.

Da muka koma gida labari ya riga mu. Baba mutum ne da ba ya yabon yaro a gabansa, ni ban taɓa jin ya ce na kyauta ba ko da na zo na ɗaya a aji. A ranar ya ɗora hannu a kan Mudi a gaban kowa ya ce, "Ɗana, ka fitar da mu kunya." Washegari mai tamis ya ƙi karɓar kuɗinmu, ya ce in kai wa mai hannun hagu.

Daga ƙarshe na kasa daurewa. Na tare Ammi Dawud a matakala na ce ina so ya kalli jifana, shi kaɗai. Ya biyo ni rufi, ya zauna a kan bokiti, ya kalle ni da gaske, bai yi dariya ba. Da na gama sai ya ce hannuna yana lanƙwashewa, kuma ina jifa da fushi, amma in na dage zan iya buga wasa da abokai in ji daɗi. Na gane abin da bai faɗa ba. Ya ga fuskata, sai ya ce gobe in raka shi kasuwa, yana da kaya da yawa da zai saya. Muka tafi. A shagon wani mai darduma na lura an shimfiɗa masu kyau a sama, an cusa masu saƙa sako-sako a ƙasan ɗaurin, na sa aka kwance. Na kai shi wurin wani tsoho a lungu mai turaren da ba a sirka ba. Na yi ciniki da Larabcin kasuwa har mai carbi ya ce wa Ammi Dawud ya rabu da wannan yaron kafin ya talauta shi. Ammi Dawud ya yi ta dariya, da muka dawo ya ce wa Baba, "Wannan ɗan kasuwa ne tun daga haihuwa. Ni sai da na girma na koya, shi da shi ya zo." Baba ya yi murmushi. Ni kuwa na shige banɗaki na yi kuka, don ba irin yabon da nake nema ba ke nan.

Kafin ya tafi, muna ɗaure kwalaye ni da shi, na tambaye shi tsakanin wasa da kasuwa wanne ya fi daɗi. Na sa rai zai ce kasuwa. Ya ajiye igiya, ya ce kasuwa ce ta ciyar da 'ya'yansa, ita ta kawo shi ɗakin Allah shekara bayan shekara, ba zai raina ta ba. "Amma wasa ya fi daɗi, ya Fahad," in ji shi. "Har yanzu in na yi mafarki, gudu nake yi da ƙwallo a hannu. Ban taɓa mafarkin shago ba." Ranar tafiyarsa ya ciro wata jar ƙwallo ta fata mai ɗinki a tsakiya, wadda ya ce da ita ya buga wasansa na ƙarshe, ya ba Mudi. Ni ya ba ni hular ulu mai kauri, a garin da ko a hunturu fanka take juyawa.

Kafin wani aikin Hajjin ya zagayo, mahaifin matar Baffa ya rasu, aka ce ta koma gida da yaron, Baffa zai ƙarasa karatunsa shi kaɗai. Na raka su har mota, na riƙe wa Mudi jaka, ya rungume ni yana hawaye. A hanyar dawowa na ji kamar an sauke mini dutse. Na fito da ƙwallon ƙafata daga ƙarƙashin matakala, na koma raba 'yan wasa. Da Zulhajji ya kama, ni na fara jin ƙarar motar da ta kawo Ammi Dawud, na ruga na karɓi jakarsa. Ya shafa kaina, ya leƙa bayana, ya ce, "Ina Mudi?" Ya zo masa da katako na gaske a cikin jaka doguwa, da safar hannu ƙanana. Da na gaya masa, ya tsaya a bakin ƙofa jim kaɗan, sannan ya hau sama. A shekarar ba a jingina akwatin kwalabe a layi ba. Jakar ta koma yadda ta zo, ko zuge ta bai yi ba, ni kuma ban roƙa ba.

Abin da ya faɗa a kaina ya tabbata. Tun ina sakandare nake saya masa kaya in tura, da na gama na buɗe shagona. Ya rasu shekarun baya, 'yarsa ce take riƙe da kasuwancin, har yau da ni take hulɗa. Gidanmu kuwa yana cikin waɗanda aka rushe da aka zo faɗaɗa unguwar, yanzu otal ne a wurin, mai ƙofar gilashi da ke buɗe kanta. Babu mai kwana a rufi, babu layin da yaro zai tsaya ya yi jifa, 'ya'yana a waya suke wasanninsu, Hausarsu ba ta kai tawa ta wancan lokacin ba. Bara Mudi ya zo Umara, ya sauka a wurina. Manomin shinkafa ne, ya yi ƙiba, yana da iyali mai yawa. Tun da ya bar Makka bai ƙara ganin ana kurket ba. Na yi ta tuna masa filin motoci da mai tamis, yana dariya yana cewa, "Kai, Fahad, ashe kana riƙe da wannan duk?" Shi abin da ya fi tunawa shi ne ruwan zafin famfo da yadda nake tsallakar da shi titi. Da za mu rabu ya ce a gida kullum da ni ake misali, ina zaune kusa da Harami, ga rufin asiri, wa ya kai ni dace. Na ce alhamdu lillahi, kuma har zuciyata na faɗa. Sai dai na lura mutum yana iya samun duk alherin da aka yi masa fata, ya tsufa bai daina leƙen wanda aka yi wa wani ba.